Kukun da Aka Raba da Wuta

Duk wanda ya yi aiki a kamfanin kwali na bayan tasha ya ci daga hannun Baba Kuku. Tun yana saurayi ya shiga kicin ɗin ma'aikata yana wanke tukwane, ya koma yankan albasa, har ludayi ya dawo hannunsa, kuma bai ajiye shi ba sai da gemunsa ya yi fari fat. Gajere ne mai tumbi, gashin hannunsa wuta ta daɗe da lashewa. Ba ya awo, wai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Faɗa kuwa kamar ya ari baki. In lebura ya miƙo faranti a ƙara masa, sai ya wanke shi tas da zagi, sannan ya ƙara masa har da tsoka. Abin da ya tsana a duniya shi ne abinci ya huce. Ya sha ƙwace faranti daga gaban mai surutu ya mayar kan wuta.

Tsufa ya zo masa da gayya. Matarsa ta rasu, gwiwoyi suka ƙi, likita kuma ya ce sukari ya yi masa yawa a jini. Sai ɗansa ya zo ya kwashe shi zuwa gidansa, can hawa na uku a wani dogon bene. Ɗan nan mai horar da mutane ne a ɗakin motsa jiki, kowa Koci yake ce masa, har matarsa. Ranar da ya goya uban a baya ya hau matakala da shi, maƙwabta sai sa albarka suke. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa wanda aka haura da shi a goye ba ya saukowa sai an ga dama.

Koci yana da aƙida, kuma yana da mabiya a waya masu sayen tsarin cin abincinsa. Aƙidar ita ce wuta tana kashe abinci, duk abin da ya hau murhu gawa ne. A kicin ɗinsa babu tukunyar gas, babu risho, ko butar shayi babu. Inda murhu ya kamata ya zauna, tire-tire ne na wake da aka jiƙa yana tsiro. Washegarin zuwan tsohon aka ajiye masa faranti: kabeji, karas, kokwamba, tsiron wake, da ɗanyar gyaɗa 'yar kaɗan a gefe.

Baba Kuku ya duba, ya ce, “To, an yanka. Wa zai ɗora?”

“Ai shi ke nan, Baba. A haka ake ci.”

“Ni zomo ne?”

Koci ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa. “Shekara nawa kana dafa wa mutane cuta? Yanzu ka bar ni in gyara ka.”

Gaskiya dai a faɗe ta, da farko abin ya yi aiki. Sukari ya sauka, tumbi ya sace, nauyin da ke kan gwiwoyi ya ragu. Da Koci ya tsaya a nan, ya haɗa da ƙwai, da madara, da ɗan dafaffen wake ko kifi, da ya ci sunansa na ɗa na gari. Amma ya riga ya ga abin da ya fi lafiyar uba daɗi. Duk ƙarshen mako sai ya sa wa tsohon farar riga, ya zaunar da shi bakin taga inda haske yake, ya kafa waya. “Ku dubi mahaifina. Kuku ne fa, a bakin wuta ya tsufa. Yau wuta ba ta taɓa abincinsa.” Mabiya suka ninka. 'Yar tsohon, wadda ke aure a wani gari mai nisa, takan rubuto a ƙasan bidiyon cewa Baba ya koma yaro, Allah ya saka wa Yaya.

Yaron nan da ake faɗa, sanyi yake ji da tsakar rana. Tafin ƙafarsa ya fara yi masa kamar tururuwa na yawo a ciki. Harshensa ya yi ja, yana raɗaɗi ko ruwa ya sha. In ya miƙe daga kujera sai ɗakin ya juya, sai ya kama bango. Daga baya dasashinsa ya motse, haƙoran roba da yake tauna da su suka daina zama, yana cizon karas suna zamewa. Ya gaya wa Koci. Koci ya ce dattin shekaru ne ke fita, jiki yana wanke kansa, a ƙara haƙuri. Maganar haƙora kuwa ya warware ta cikin sauƙi: ya riƙa zuba komai a na'urar markaɗe, ya miƙo masa koren ruwa mai sanyi a babban kofi. Tsohon yakan riƙe kofin da hannu biyu, ya hura shi kafin ya kurɓa, don hannu da baki ba su manta sabo ba.

Matar Koci ba muguwa ba ce, matsoraciya ce, kuma ga mai jin yunwa bambancin kaɗan ne. Ita a wurin aikinta take cin abin da ta ga dama. Rana ɗaya tausayi ya ci ƙarfinta, ta shigo da dafaffen ƙwai a jaka, ta tura masa a hannu. “Baba, yi sauri.” Ƙwan da sauran ɗuminsa. Maimakon ya ci, sai ya tsaya yana jujjuya shi a tafin hannu yana jin ɗumin nan, har Koci ya turo ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Ya karɓe ƙwan, ya jefa a kwandon shara, ya ce wa matar, “In ya mutu, ke kika kashe shi.” Ba ta ƙara ba.

Ana cikin haka Baba Kuku ya samu abin da ya riƙe shi. Wata yamma Koci ya dawo daga aiki, ya sunkuyo zai gyara masa matashi, sai tsohon ya ji ƙamshi. Albasa ce da aka soya har ta yi ja, da tafarnuwa, da fatar kaza da ta sha wuta. A jikin rigar Koci yake, a wuya da gaban ƙirji. Yawu ya cika masa baki har ya ji kunya. Ashe wanzami ba ya son jarfa. Ya so ya yi fushi, amma yunwa ta riga fushin isowa. Ya ja numfashi a hankali, ya sake ja.

Daga ranar ya zama mai son hira. Da ya ji motsin makulli sai ya gyara zama. “Zo nan, ɗana, zauna kusa. Kunnena ya yi nauyi.” Koci yakan zauna yana latsa waya, tsohon ya jingina da kafaɗarsa ya lumshe ido. Yau kifi ne a mai, gobe shinkafa da miyar da aka bari ta soyu sosai, wata rana naman rago da barkono. Yakan bi girkin a ransa tun daga ɗora tukunya, ya ga inda mai girkin ya yi gaggawa, ya gyara masa. Koci har bidiyo ya yi a kan haka, yana cewa ɗanyen abinci yana tausasa zuciya, ku ga yadda mahaifinsa mai faɗa ya zama kamar jariri.

Da ya yi shiru, da ya ci gaba da samun wannan ɗin. Amma baki shi ke yanka wuya. Wata yamma jiri ya kayar da shi a banɗaki, ya daɗe a ƙasa kafin ya iya jan jiki zuwa gado. Tsoro ya kama shi sosai, don ya gane mutuwa yake yi. Da Koci ya dawo ya zauna kusa, kaza ce kuma. Tsohon ya kama hannun rigarsa.

“Ɗana, ba tona maka asiri zan yi ba. Ka ci, Allah ya sa maka albarka, kana aiki da jikinka. Ni dai romon. Ko a murfin kwalba. Mai zafi.”

Koci ya dube shi, ya dubi rigarsa. Ko kunya bai ji ba, sai dai mamaki, irin na wanda ya gano inda ɗaki ke yoyo.

“Baba, ni ba ni ake kallo ba, kai ake kallo. Saura kaɗan ka cika shekara ba ka ci dafaffe ba. Ka san mutum nawa ke jiran ranar nan? Kana so ka mayar da ni maƙaryaci?”

“Ba wanda zai sani.”

“Jikinka zai nuna.” Ya zare hannun uban daga rigarsa, yatsa bayan yatsa. “Amma na gode da ka faɗa. Ban san ina wahalar da kai ba.”

Washegari da yamma Baba Kuku ya ji motsin makulli, ya gyara zama. Takun ya wuce ƙofarsa. Ya ji an kunna famfo a banɗaki, ruwa ya daɗe yana zuba, ya ji ana goge baki ana kurkurewa. Sannan Koci ya shigo cikin sabuwar riga, da kofin koren ruwa a hannu, ya zauna dab da shi, ya rungumo kafaɗarsa. Tsohon ya kwantar da kai a ƙirjin ɗansa, ya ja numfashi iya ƙarfin da ya rage masa, ya sake ja. Sabulu ne kawai.