Ranar da Kujerabiyu Suka Zama Gida Biyu

Sunan gidanmu Kujerabiyu. Tun ina firamare na saba da abin da ke biyo baya idan an kira shi: malami ya ɗago kai, ya sake duba takarda, 'yan aji su kwashe da dariya. Yayata ta taɓa roƙon a bar mata sunan babanmu kawai, kamar yadda kowa yake yi. Wanda ya hana shi ne Baffa, ƙanin babanmu, don a duniya babu abin da yake taƙama da shi kamar wannan suna.

Baffa mai gyaran keken ɗinki ne. Ba shi da shago. Shagon nasa wata tsohuwar jakar fata ce mai ɗauke da sukudireba, filaya, 'yar kwalbar mai da tsumman da ba wanda ya san launinsa na asali. Da ita yake bin shagunan teloli da gidajen mata masu ɗinki. Gajere ne, mai yawan fara'a, gaban rigarsa ba ya rabuwa da tabon mai. In ya zauna ya kwance kan keke, ya baje ƙananan kusoshi a murfin gwangwani, sai ya jefo tambayarsa: "A danginku ko maƙwabta, kun taɓa jin mai suna Kujerabiyu?"

Ba a taɓa ce masa e ba, kuma hakan daɗi yake masa. Yakan ce masu sunan gari sun cika kasuwa, masu sunan sana'a kuwa ko tari ka yi sai ɗaya ya ce maka sannu, amma mu gida ɗaya ne tak.

Idan aka tambaye shi asalin sunan, sai ya gyara zama. A faɗarsa, Kakanmu mutum ne mai kwarjini, wanda in ya je taro ake ajiye masa kujera biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta hularsa. In kuma yara ne ke saurare, sai ya ce ƙiba ce ta yi wa Kaka yawa har kujera ɗaya ba ta ɗaukarsa.

Gwaggo, babbar yayarsu, ba ta ƙyale shi. "Wace ƙiba? Baba da yake kamar tsinken tsintsiya? Gadi yake yi a wani sito. Da rana ta take sai ya zauna a kujera ɗaya, ya miƙe ƙafa a ɗaya, ya yi ta sharar barci. Leburori suka laƙaba masa. Ranar da aka kai ku makaranta aka ce 'ya'yan wa, maƙwabcin da ya raka ku ya ce 'ya'yan Kujerabiyu. Shi ke nan fa."

"Yaya, ke mace ce, ba a gaya miki komai ba," in ji Baffa.

"Ni nake kai masa abincin rana. Sai na tashe shi."

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, har idon Baffa ya fara gajiya. Zura zare a allura ya zama kokawa, teloli suka fara tsokanarsa. Ni na raka shi asibitin ido. Muna zaune a dogon benci cikin mutane, sai ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce, "Malam Kujerabiyu."

Mutum biyu suka miƙe.

Ɗayan wani dogon dattijo ne mai furfura, riƙe da makullin mota. Baffa ya dube shi daga ƙasa har sama, abin da ya ɗauke shi lokaci.

"Bawan Allah, ni aka kira."

"Ni dai sunana na ji," in ji dogon.

Ma'aikaciyar ta ce su shiga ɗaya bayan ɗaya, su daidaita a tsakaninsu. Ba wanda ya shiga. Baffa ya ja hannun mutumin suka koma benci, ya fara yi masa tambayoyi kamar ya kama shi da kayan sata. Direban tankar ruwa ne. Bai san babanmu ba, bai san Gwaggo ba, bai taɓa jin labarin hula a kan kujera ba.

"To ina kuka samo sunan?"

"Mahaifina gadi ya yi a wani sito," in ji Direba. "Su biyu ne a bakin ƙofa, aka ba su kujera biyu. Abokin aikin nasa wani siriri ne mai barcin tsiya. Kullum sai ya haɗe kujerun ya miƙe. Mahaifina ba ya son rigima, sai ya wuni a tsaye. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce masa, 'Kujera biyu fa aka ba mu.' Da safe haka, da yamma haka. Har leburori suka daina kiran sunansa."

Na duƙar da kai don kada Baffa ya ga fuskata. Shi kuwa ya yi ta murza hannun jakarsa. Can ya ce, "Siririn nan, yana da tabo a gira?"

"An ce yana da shi."

"Allah ya jiƙansu duka," in ji Baffa. Sannan ya juyo gare ni. "Kada ka gaya wa gwaggonka."

Ban gaya mata ba. Abin da ya tona shi tabarau ne, wanda likita ya rubuta wa kowannensu a ranar. Da aka kira su karɓa bayan kwanaki, sai aka miƙa wa kowa na ɗan'uwansa, tunda suna ɗaya ne a jikin kwalin. Baffa ya dawo gida yana ɗaga ƙafa sama-sama kamar mai tsallake kwata, ya gaishe da randa a zaton Gwaggo ce. Shi kuma Direba, da ya ga titi ya dawo masa biyu, sai ya ajiye tanka, ya yi ta tambaya wajen teloli har aka nuno masa gidanmu.

Ya yi sallama, ya faɗi sunansa a bakin ƙofa. Gwaggo ta fito da mayafi a hannu. Kafin Baffa ya samu bakin magana, ta riga ta ji labarin gaba ɗaya, ta sa an maimaita mata wajen "siriri mai barcin tsiya", ta yi dariya har da share hawaye. Sannan ta sa aka fito da kujerar falo mai laushi, ta ce Direba ya zauna, ubansa ya tsaya ya isa haka.

Tun daga ranar muke kiransa Baffa Dogo. 'Ya'yansa da jikokinsa sun ninka mu yawa, abin da ya ɗan sosa ran Baffa, don ya ce yanzu sunan ya fara arha. Duk da haka shi ya gyara keken matar Baffa Dogo, ya kuma ƙi barin kowa ya taɓa shi bayansa. Ranar hutu sukan zauna a ƙofar gida suna musu a kan wanda aka fara laƙaba wa sunan. Baffa ya ce ai sai an yi barcin kafin a yi ƙorafi, saboda haka mu ne na asali. Baffa Dogo ya ce bai ƙi ba, amma a tuna cewa a cikin iyayen nasu biyu mutum ɗaya ne ya yi gadin.