Kyandir Mai Gashin Zabuwa

Mahaifiyata ta yi shekaru tana cin abinci da ganin laifi. Aikinta ke nan a masaƙa a Kakuri: yadi yana wucewa a gabanta, ita kuma tana tsaye da alli a hannu. Inda zare ya tsallake ko rini ya zarce, sai ta ja masa alama ta ce, "Rijet," wato bai yi ba. Da aka rufe masaƙar, sauran ma'aikata sun dawo gida da takaici, ita kuwa ta dawo da takaici da gwangwanin alli. Tun da babu yadi, sai ta koma duba mu. Shara, kitso, wankin tukunya, har mijin da na kawo, sai da ta kalle shi sama da ƙasa kafin ta ce zai yi.

A zumuntar mata ta cocinmu a Makera aka koya musu yin kyandir. Wata maƙwabciyarmu 'yar Binuwai da ke aiki a wani kamfanin sabulu a Kudenda ita ke samo mata kakin da ake fitarwa daga manja. Fari ne fat, ɓarzajje kamar tsakin masara, ba ka cewa ya taɓa haɗa hanya da miya. Mama takan narka shi a tsohuwar tukunya a cikin ruwan zafi, ta yanka bututun roba irin na famfo, ta ɗaure lagwani a tsinken tsire ya sauka tsakiya, ta zuba. In sama ta fara kamewa sai ta tsattsaga da tsinke ta ƙara, don kakin yana ɓoye iska a ciki.

Amma kakin manja yana da wani hali. In ya huce a hankali, sai ya fito da zane a jikinsa, ɗigo-ɗigo da reshe-reshe kamar gashin zabuwa. A hannu sumul yake, ido ne kawai ke gani. Ni dai yana burge ni. Mama kuwa ƙyasfi take ce masa. Kyandir na kirki a wurinta shi ne fari sol irin na kanti, wanda ba wanda zai ce a tsakar gida aka yi shi. Duk mai zane sai ya sha alli ya koma tukunya. Kuma saboda tsananin kula, takan naɗe bututun da tsofaffin ƙyallayen masaƙa kada sanyi ya fasa kyandir ɗin, alhali wannan naɗewar ce ke sa ya huce a hankali ya ƙara yin zane. Na taɓa gaya mata haka. Ta tambaye ni a wace masaƙa na yi aiki.

'Yan kaɗan da suka fito fari ta hanyar sa'a, su take kaiwa bakin coci ranar Lahadi. Saboda haka duk Makera ba wanda ya taɓa ganin mai zanen sai mu 'yan gida.

Shekarar da na haifi 'yata ta fari, na lura Mama ta canza. Sai ta daɗe tana neman ramin da za ta zura lagwani. Ta gaida wata mata da sunan wata. Sannan ta ɓullo da sabuwar dabara: in ta zare kyandir daga bututu, sai ta miƙo mini ta ce, "Ke, duba nan, in ga ko kin fara koyon aiki." In na ce akwai zane, sai ta ce, "Ashe kina gani," ta ja alli. In na ce babu, ta ce, "Haka ne." Na gane yanar ido ce ta rufe mata gani, ita ma ta san na gane, amma muka bar kaza cikin gashinta. Matar da duk unguwa ke kawo wa atamfa ta tantance ta gaskiya da jabu, ba za ta buɗe baki ta ce ba ta gani ba. Wannan idon shi kaɗai masaƙa ta bar mata.

Da aka sa ranar baftismar jaririyar, Mama ta ce jikarta ba za ta karɓi haske da kyandir ɗin kanti ba. Ta samo bututu mai kauri, ta yi na farko, na ce akwai zane. Na biyu ma haka. Na uku ya fi su duka. Kowane zubi yana cin yini guda, ga jego, ga baƙi, ga ɗinkin da tela bai gama ba. Ranar Juma'a da yamma, ana gobe baftisma, ta zare na huɗu ta miƙo mini. Tunda nake ban taɓa ganin mai zane kamarsa ba, tun daga gindi har wuya.

"Yaya?" in ji ta.

Na kalli hannunta da kaki ya ƙona wuri biyu, na kalli tukunyar. Na gaji, gaskiya, kuma tausayinta ya kama ni.

"Fari sol, Mama."

Ta shafa shi da tafin hannu, ta mayar da allin cikin gwangwani. "Na gaya miki sai an yi haƙuri," ta ce. "Ku yaran yanzu komai sauri."

Washegari da safe a coci, Fada ya zuba wa yarinya ruwa, ta tsala ihu yadda ake so, aka kunna kyandir ɗin Mama aka ba uwar baftisma ta riƙe. Da wutar ta ɗan ci ciki, sai hasken ya bi jikin kakin, zanen nan ya fito raɗau. Na ji matan zumunta a bayana sun fara gunaguni. Na ce a raina, shi ke nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Muna fitowa suka yi mata caa. Shugabar zumunta, wadda ba ta cika yabon abin da ba ita ta yi ba, ita ce a gaba.

"Kai, Mama! Wannan dizain fa? Ashe kin iya irin wannan kike kawo mana farare kamar na kowa?"

Maƙwabciyarmu 'yar Binuwai ta karɓe da Turancinta na buroka, "Mama, yu du os wayo o! Dubi zane kamar leshi. Ni biyu nake so na Ista."

Ina tsaye da jaririya a kafaɗa, ina kallon fuskar Mama. Ta karɓi kyandir ɗin, ta kawo shi dab da idonta, ta juya shi a hankali. Na san ba ta ga komai ba sai fari. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Yabo ake zuba mata, kowace kalma kuma tana gaya mata cewa 'yarta ta yi mata ƙarya, kuma ta ɗauko rijet da hannunta ta kawo gaban bagade.

Sai ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "Shekara nawa na yi a masaƙa? Zane ne zai gagare ni?"

Aka yi shewa. Har gida ana maganar kyandir, ba wanda ya tuna da rigar da na biya tela ya ɗinka wa mai baftismar.

Da la'asar, bayan baƙi sun ragu, ta kira ni bayan gida inda tukunyar kakin take. Gwangwanin allin yana kan cinyarta.

"Kawo hannunki."

Na miƙa. Ta laluba ta kama, ta ja mini alli a bayan hannu, layi biyu a gicciye, yadda take yi wa yadi.

"Ba don zanen ba," ta ce. "Don kin bari na ji a bakin mutane."

Na ce ta yi haƙuri. Ta saki hannuna. Ta rufe gwangwanin ta ajiye a gefe, ta ce ranar Litinin in nemi wanda zai riƙe yarinya, in raka ta wurin likitan ido. Ta faɗe shi kamar aiken kasuwa take yi mini.

Na juya zan tafi, sai ta sake kirana. Guntun kyandir ɗin yana hannunta, tana shafa shi da babban yatsa.

"Da gaske yana da kyau?"

"Mama, ban taɓa ganin mai kyaunsa ba."

Sai ta yi tsaki.

"Ke kuma, wa zai yarda da ke yanzu?"