Gorar da Na Samu a Firij

Maigidana ma'aikacin ofis ne, mutum mai sanyin hali, ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa. Abu ɗaya Allah ya jarabce shi da shi, ni ma ya jarabce ni ta dalilinsa, wato wankin fim. Fim irin na da nake nufi, baƙi da fari, wanda ake naɗewa cikin kyamara. Ko a nan ma bai tsaya inda kowa yake tsayawa ba. Fim ɗin da aka saba, in an wanke shi, fari ne yake fitowa baƙi, baƙi ya fito fari, sai an buga a takarda ake gane mutum. Shi kuwa so yake fim ɗin da kansa ya juye ya zama hoto, ya yanka shi gida-gida, ya sa a tsohon majigin da ya saya, ya haska a bango. Kafin hakan ta yiwu sai an jiƙa fim ɗin a wani ruwa da zai cinye baƙin da ya fara fitowa. Wannan ruwan ne ya hana ni sakat a gidanmu da ke unguwar Fezzan a Maiduguri.

Wata rana da bazara na dawo daga makarantar firamaren da nake koyarwa, maƙogwarona kamar an zuba yashi. An kawo wuta tun safe, abin da ba kullum ake samu ba. Na buɗe firij na ga gorar lemo ta yi raɓa, launinta ya yi jawur. Na tsiyaya a kofi. Na lura bai yi kumfa ba, amma ƙishirwa ba ta bar ni na yi dogon tunani ba. Kofin ya kusa bakina sai na ji an doke hannuna ta baya. Ruwan ya watse a siminti.

"Kin sha?" in ji maigidana.

"Me zan sha? Ba lemo ba ne?"

Ba lemo ba ne. Wani gari ne da ake kira dayikuromet, ya dama da ruwan batir. Ya rubuta gargaɗi a ƙyallen takarda ya manna, amma a gindin gorar, inda sai wanda ya kifa ta zai gani. Da na matsa masa da tambaya, ya amsa cewa guba ne, yana cin fata, kuma masana sun ce yana jawo sankara.

"To me ya kawo shi kusa da kunun ayata?"

"Ba ya son zafi," in ji shi.

"Ina yake zuwa in ka gama da shi?"

Ya kalli lambatun tsakar gida, wanda yake fita waje inda agwagin maƙwabta suke kiwo. Na ce masa, Malam, ko wannan ruwa ya bar gidan nan yau, ko ni in tafi Zabarmari wurin Baba. Kafin la'asar ya kai sauran wurin wani abokinsa mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje, wanda ya san yadda ake kashe dafinsa. Kofin kuwa na fasa shi na binne.

Da zai haƙura a nan da an huta. Amma akwai naɗin fim guda biyu da ya ɗauka a gonar shinkafar mahaifina, a girbin ƙarshe da Baba ya yi da hannunsa kafin gwiwa ta zaunar da shi ya bar wa yayana gonar. Idon Baba ya yi rauni, ba ya gane hoto a waya. Maigidana ya riga ya yi masa alkawarin zai ga gonarsa a bango, babba kamar yana tsaye a ciki. Na ce ai akwai masu majigin da ake haɗawa da waya. Ya dube ni kamar na zage shi.

Sai ya koma wani gari mai launin shunayya, famanganet, irin wanda masu kiwon kaji suke amfani da shi. Ya ce wannan bai kai na farko sharri ba. Gaskiya ne, amma har yanzu da ruwan batir a ciki, kuma duk abin da ya taɓa sai ya rine. Bahon wankina ya koma ruwan ƙasa. Yatsunsa suka yi kamar wanda ya sa lalle bai iya ba, har a masallaci aka tambaye shi. Babban abin haushin shi ne bai gwada da wani fim ba, kai tsaye ya saka ɗaya daga cikin na Baba. Ashe wannan ruwa yana tausasa fuskar fim, in kuma da zafi abin ya fi muni, ga shi mu a Maiduguri ruwan famfo da rana ko shayi za ka iya haɗawa da shi. Ina tsaye ya zaro fim ɗin, hotunan suka saluɓe daga jikinsa kamar fatar tumatir da aka tafasa, suka bi ruwa. Aka bar shi riƙe da doguwar leda fara fes.

Ban yi masa magana ba har washegari. Ba hukunci nake yi masa ba, tsoron abin da zai fito daga bakina nake.

Bayan kwanaki ya same ni ina tsinar shinkafa, ya zauna a nesa kaɗan.

"Maman yara, na samu wanda ba shi da ruwan batir. Haidurojin ne, na wanke ciwo, da ruwan kal na kicin. Kuma shi ɗumi yake so."

"To ka je ka saya."

Ya riga ya je. Na kemis ba shi da ƙarfi sosai, don haka ya tambayi mai kemis ko akwai wanda ya fi shi ƙarfi, kuma da ɗan yawa. A garin nan, bayan abin da muka gani a shekarun baya, namiji ba ya shiga shago da yatsu rinannu yana neman sinadari mai ƙarfi. Mai kemis ya ajiye abin da ke hannunsa, ya tambaye shi unguwarsu da wurin aikinsa da sunan mai unguwa. Da ƙyar ya fito da mutuncinsa. Saura wuri ɗaya da ake samun irin wanda yake so, wato shagon gyaran gashi, inda ake haɗa rinin kai da shi. Shi kuma ba zai shiga shagon mata ba.

Haka na hau keke napep zuwa Moduganari, wurin wata ƙawata 'yar kudancin Borno da muka yi kwaleji tare, yanzu tana da shago kusa da cocinsu. Na ce mata haidurojin nake so, na ruwa, ba mai kauri ba, don aikin bilic.

Ta riƙo haɓata ta juya fuskata wajen haske. "Malama, da girmanki? Me fatarki ta yi miki? Shi ne ya ce ki yi?"

"Ba ni za a yi wa ba. Fim ne."

"Wane fim?"

Na yi bayani a gaban mata cike da shago, kowacce da kanta a hannun mai kitso, kuma na ga babu wadda ta yarda. Ta ba ni kwalbar, ta raka ni bakin titi tana cewa in dai matsala ce a gida, in faɗa mata.

Wannan karon na kafa sharaɗi. A tsakar gida za a yi, don haɗin yana da wari mai hawa hanci. Da safar hannu. Ba gorar abin sha, ba firij. Kuma sai an gwada da wani fim kafin a taɓa na Baba. Ya ɗauki hoton igiyar shanyata ya wanke. Hoton ya fito, amma duk ya yi ƙuraje kamar mai ƙyanda. Ya rage ruwan kal, ya sake. Ya sake kuma. Ruwan sanyi daga randata, ruwan ɗumi daga tanki, ni kuma ina gefe da tukunya ina jira a ba ni tsakar gidana. Da ƙurajen suka ragu sosai, ya yi bismillah ya saka na Baba. Ya ɗaga shi sama, na leƙa ta kafaɗarsa, na ga shinkafa tsaye, fari a inda fari yake.

Yayana ya kawo Baba wata Asabar. Muka toshe tagogi da barguna, muka ari janareta, ɗakin ya yi zafi kamar tanda. Hoto ya hau bango. Baba ya matso, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai ba gonata ba ce," in ji shi. "Ta maƙwabcina ce. Ga bishiyarsa can."

Hoto na gaba ma haka, da na bayansa. Ashe ranar da aka ɗauki hotunan, maigidana ya ga hasken ya fi kyau ta wancan gefen, sai ya juya wa gonarmu baya. Yawancin hotunan gonar Baba suna cikin naɗin da ya bi ruwa. A cikin wannan, guda ɗaya ne Baba ya fito, riƙe da lauje, da ɗan ƙurji daidai kan hularsa. Ya sa aka bar masa shi a bangon har muka jiƙe da gumi, yana nuna ciyawar da ya ce yayana ya ƙyale a bakin kunya.

Da ya koma Zabarmari ya ba maƙwabcin labari. Mutumin ya zo da kansa, ya ga gonarsa, ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a ba shi nasa ya tafi da shi. Maigidana ya yi masa bayani cewa irin wannan hoton ƙwaya ɗaya ne, kuma sai da majigi ake kallonsa. Dattijon ya ce ba komai, zai riƙa zuwa. Yana kuwa zuwa, duk sanda ya shigo gari sayar da shinkafa, wani lokaci da surukinsa, kuma kullum daidai lokacin abincin rana.