Maɓallin da Na Sa wa Suna Gida

Shekara talatin da ɗaya na yi ina duba kuskuren bugu a wata maɗaba'a a Enugu, kuma ban taɓa barin takarda ta wuce teburina da karatu ɗaya ba. A makarantar mishan da mahaifina ya sa ni, can arewa kusa da tashar jirgin ƙasa inda yake aiki, an koya mana cewa rubutu in ya bar hannun mai shi, ba a kiransa ya dawo. Malaminmu yakan ɗaga littafin yaro zuwa taga, ya duba shi da hasken rana, in ya ga ɗigo ɗaya ya kauce daga wurinsa sai a sake shafin tun daga sama. Da wannan tarbiyya na sauko kudu, da ita kuma na tsufa a Coal Camp, a ɗaki biyu da baranda mai fuskantar tuddai.

'Yar marigayi ƙanena, wadda na riƙe tun tana ƙarama, tana aiki a sashen kwamfuta na wata jami'a a garin nan. A daminar bara waccan ta zo mini da wata buƙata. Ta ce akwai manhajar da ɗalibai ke sakawa a waya, da ita suke rajista, da ita suke duba sakamakon jarrabawa da jadawalin darussa. Manhajar ba mallakar kowa ba ce. Jami'o'i da yawa a ƙasashe daban-daban suke rubuta ta tare, cikinta a buɗe yake, duk mai so yana iya dubawa, ya ɗauka, ya ba da gyara. Akwai shafin da iyaye ke cikawa da kansu, shi take so a mayar da Hausa saboda iyayen yaranmu na unguwannin Ogbete da Uwani, da na Onitsha da Fatakwal, waɗanda ke sa hannu a kan abin da ba su karanta ba.

Na tambaye ta yaushe za a gama rubuta manhajar, don in san lokacin da nake da shi. Ta yi dariya, ta ce ba a gama ta. Duk bayan 'yan makonni sabuwa take fitowa ta hau kan tsohuwa, ita ma kafin ta zauna wata na tafe.

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Da hantsi nakan zauna a baranda da jerin kalmomin da ta buga mini a takarda, ruwa na sauka a hankali a kan kwanon rufi, hazo ya rufe kan tuddai har ba a gane inda ƙasa ta ƙare. Sai in riƙa ganin mutanen nan da ban sani ba, wani a ƙasar da ake sanyi, wani a bakin wani teku, kowa sunkuye a kan littafi ɗaya mai shafuka marasa iyaka, wannan ya rubuta layi, wancan ya goge rabinsa, babu mai fushi. A maɗaba'a, harafin dalma in ya hau takarda ya hau, kuskurenka ya bi ka har kabari. A nan kuwa rubutu kamar ruwan kwata yake bayan an ɗauke ruwan sama, kullum yana tafiya. Ban san ko abin ya burge ni ko ya ba ni tsoro ba. Na dai ɗauki jan birona na fara.

Wata biyu na yi a kan kalmomin da ita ta ce aikin mako ɗaya ne. A ƙasan kowane shafi akwai wani ɗan maɓalli mai hoton ɗaki da jinka, wanda in an taɓa shi yake mayar da mutum shafin farko. Kalmar Turancin da ke kansa, kowane ɗan aji ɗaya ya san ma'anarta. Na rubuta Gida, na wuce. Ita kaɗai ce kalmar da ban kwana da ita ba.

Bayan fitowar aikin da kamar mako biyu, 'yar tawa ta nuna mini wani saƙo da aka bari a dandalin da masu gyaran manhajar ke haɗuwa. Wani mai gyaran waya ne a Mile 2 Diobu ta Fatakwal ya rubuta shi, haka ya gabatar da kansa. Ga abin da ya ce, yadda ya rubuta shi: "salam. wanan gida zai rikita mutanen mu, anan in kace gida arewa ake nufi. asa farko." Na ƙirga kuskure biyar, ban da rashin manyan baƙaƙe. Na ce mata mutumin da bai iya raba kalmomi ba, ba shi zai zaɓa mini kalma ba. Ta dube ni, ta rufe kwamfutarta.

Maƙwabcina wani Alhaji ne mai sayar da albasa a Ogbete, mutum mai kirki mai taurin kai. 'Yarsa ta fari ta sami gurbi a jami'ar, kuma da ƙyar ya amince, domin babu wanda ya taɓa zuwa jami'a a zuriyarsu. Abin da ya sa ya sauko shi ne da aka gaya masa shafin iyaye da Hausa yake, zai karanta da idonsa, ya cika da hannunsa. Ya ce shi da kansa zai yi, ba ya son kowa ya riƙe masa wayar, ko ita yarinyar.

Ranar Alhamis da la'asar na fito na tarar da su a kan benci a ƙofar gida, yana riƙe da wayar nesa da fuskarsa, yarinyar na tsaye a bayansa ta harɗe hannu. Bayan mun gaisa ya ce mini sau uku ke nan yana cika abin nan tun jiya, in ya ɗan yi nisa sai kome ya ɓace. Gobe Juma'a ake rufe rajista, gobe kuma bayan masallaci zai bi mota arewa ɗauko kaya. Ya ce zai ƙara gwadawa sau ɗaya da safe, in ya ƙi, to bana ba rabonta ba ne, ta jira wata shekarar. Na san shi. Wata shekarar ba za ta zo ba.

Na roƙe shi ya nuna mini yadda yake yi. Ya rubuta sunansa a hankali, harafi bayan harafi, ya rubuta sana'arsa, ya rubuta lambar wayarsa. Sannan ya sa babban yatsansa a kan ɗan ɗakin nan mai jinka.

"Alhaji, me ya kai ka nan?"

"To, Malam, ba ga shi an rubuta Gida ba? Ai sai in gaya musu garinmu."

Shafin ya koma farko, duk abin da ya rubuta ya tafi. Yarinyar ta ce cikin Hausarta mai gauraye da Turancin kasuwa ta gaya masa tun jiya kada ya taɓa wurin, ya ce mata ita da aka haifa a Coal Camp me ta sani game da gida.

Na tsaya ina kallon hoton. Shekara fiye da hamsin ina zaune a garin nan, a nan na binne matata, amma in wani ya ce mini yaushe rabonka da gida, ba ɗakina na baranda nake tunawa ba. Wata tasha nake gani, da itacen ɗorawa a bayanta, da hanyar jan ƙasa da ta bi ta gefen rijiya. Ko wanne daga cikinmu da irin tasa. Na san wannan sarai, a bakina yake kullum, amma da na zauna da biro sai na fassara kalmar Bature na manta da mutanen da za su karanta.

Na hau okada, babur ɗin haya, zuwa ofishin 'yar tawa, abin da na yi shekaru ban yi ba. Na same ta tana shirin tashi. Da na gaya mata, ta ce ɓacewar rubutun ma aibi ne na manhajar kanta, akwai wata mata a wata jami'a mai nisa da ke kan gyara shi, amma ba zai iso kafin gobe ba. Kalma kuwa, a yau za ta iya sauya ta, duk wayar da ta buɗe shafin za ta ga sabuwar.

Na ce to a ba ni kwana biyu in yi tunani. Tun a kan hanyar zuwa wata kalma ta zo mini, Zaure, domin shi ne inda baƙo ke fara shiga, daga nan a kai shi ko'ina a cikin gida. Kalmar ta yi mini kyau ƙwarai, har ina jin sanyin ƙasar zauren kakana a tafin ƙafata. Na faɗa mata ita.

"Baba, yaran nan a gidan haya suka tashi, ƙofa na kallon ƙofa. Rabinsu ba su taɓa ganin zaure ba. Kuma kwana biyun nan babu su."

Ta buɗe saƙon mutumin Diobu, yana nan inda muka bar shi, da ɗan wurin da ake taɓawa a karɓi gyara ko a ƙi. Na sake karanta shi. Kuskurensa biyar suna nan, maganarsa kuma daidai ce. Na ce ta karɓa. Ta ce in an karɓa, a tarihin manhajar za a rubuta cewa shi ya gyara ni, kuma duk duniya na iya gani. Na ce a rubuta, haka aka yi.

Da safe an yi yayyafi ya ɗauke, ƙasa na tashin tururi. Alhaji ya fito da buhun tafiyarsa ya ajiye a gefen benci, ya zauna, ni ma na zauna a ɗaya gefen. Ya buɗe shafin. A ƙarƙashin ɗan ɗakin yanzu an rubuta Farko. Ya dube shi, ya ce shi da ya riga ya fara me zai koma yi a farko, ya ci gaba da gangarawa ƙasa. Can ya tarar da layin da ake tambayar garin asali, wanda bai taɓa isa gare shi ba. Ya rubuta sunan ƙauyensu, ya karanta shi a bayyane, yarinyar ta ce sau biyu kawai aka taɓa kai ta, abin da ta riƙe shi ne wata akuya da ta cinye mata takalmi. A layin wurin zama ya rubuta Coal Camp.

Ya taɓa maɓallin Miƙa. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar wayar, mu uku muna kallonsa, masu tura baro na wucewa zuwa kasuwa. Sannan rubutu ya fito cewa an karɓa.

Alhaji ya karanta sau biyu, ya share fuskar wayar da hannun rigarsa. Ya zare layin wayarsa ya sa a wata ƙaramar tsohuwar waya da ya ciro daga aljihu, ya miƙa wa yarinyar babbar. Ya ce ta riƙe, ita za ta fi buƙatarta ranar Litinin in ta fara zuwa jami'ar, shi wannan ta ishe shi a hanya.