Wanda Ake Kira Kafin a Sa Hannu

A garinmu Belzoni, idan kocin wata jami'a ya zo gida neman yaron da zai yi musu wasan ƙwallo, kafin uwar gida ta ɗora mai a wuta ta soya masa tarwaɗa, sai ta aika a kira Wardell Gatewood. Ɗan gwaggona ne, tare muka tashi, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Yana ɗan shekara goma sha biyar ya fara sunkuyawa kafin ya shiga ɗakin uwarsa, saboda tsawo. Wasan ƙwallon wajenmu ba na ƙafa ba ne, na jifa da hannu ne da ture-ture. A fili aikinsa ba gudu ba ne, ba jifa ba. Hular kwano zai sa ya tsaya a layin gaba, ya tare ƙattin da ke son danne mai jifa. Ran Juma'a duk gari na filin makaranta, har mahaifiyarsa Gwaggo Ernestine, wadda takan zo kai tsaye daga masana'antar kifi da takalmin robarta.

Da ya kusa gama sakandare, kocin wata babbar jami'a ya zo. Ya ci kifi, ya ci burodin masara, ya nemi ƙari, sannan ya kama hannun Gwaggo ya ce, "Mama, ki ba ni shi shekara huɗu, in dawo miki da shi da digiri. Karatu, ɗaki, abinci, duk a wuyanmu."

Shekara biyu komai lafiya. A ta uku gwiwarsa ta hagu ta goce, aka yi masa aiki. Ya warke ya koma fili, sai dai ba kamar da ba. A ƙarshen wannan kakar wasan aka sallami kocin da ya ɗauke shi, aka kawo wani mai suna Purvis. Shi kuma ya yi wa sababbin yara alkawari fiye da guraben da yake da su, dole sai wasu sun tashi.

Cikin watan Mayu, bayan jarrabawa, ya kira Wardell ofis.

"Zauna, babban mutum. Yaya gwiwar?"

"Da sauƙi, Koci. Jiya ma na yi gudu."

"Na gani. Shi ya sa na kira ka. Ba zan ɓoye maka ba, ba ka cikin tsarina. Gurbin nan naka akwai mai jiransa."

"Amma shekara huɗu aka ce wa mahaifiyata."

"Wa ya ce? Ni?" Purvis ya turo masa takarda. "Tallafin nan duk shekara ake sabunta shi. Sa hannu nan, cewa kai ka bari don kanka. Ya fi maka mutunci, kuma duk kocin da ya tambaye ni zan yabe ka."

Ya sa. Daga baya ya gaya min ko layi ɗaya bai karanta ba. Hawaye ne suka cika masa ido, shi kuwa ba ya son mutumin ya gani, burinsa kawai ya fita daga ofishin.

Ya dawo gida da jakar kaya biyu. Ba kocin da ya kira. Ya daina zuwa coci, ya daina zuwa shagon aski, saboda ranar da ya leƙa wani ya ce, "A'a, tauraronmu! Yaushe za mu gan ka a talabijin?" aka kwashe da dariya. Ya sami aiki a tafkunan kifi, yana shiga ruwa har ƙirji yana jan taru. Gwaggo ba ta taɓa yi masa faɗa ba, amma hotonsa na jarida da ke jikin firij ta cire ta ɓoye, don ta lura ba ya iya kallon wajen.

Haka ya yi shekara ɗaya da rabi, har ranar da ya yi kiciɓis da Malama Oleta Sims a gidan mai. Ita ta koya mana Turanci, ta yi ritaya, 'yar ƙaramar tsohuwa da sanda, amma har yau in ta kira sunanka sai ka gyara tsayuwa.

"Wardell Gatewood! Ƙarnin kifi kake yi."

"Aiki ne, Malama."

"Aiki ba laifi ba ne. Ɓuya ce laifi. Ina takardar da aka ce ka sa wa hannu? Asabar da safe ka kawo min, da duk wadda suka taɓa ba ka."

Ya kai. Ta zaunar da shi a baranda ta ce ya karanta da ƙarfi kamar a aji. A shafi na biyar ya iske wajen. Duk ɗalibin da aka janye wa tallafi yana da damar ɗaukaka ƙara gaban kwamitin jami'a, wanda babu koci a ciki. Wanda ya bari don kansa kuwa ba shi da wannan dama. Ya karanta sau biyu, ya ajiye takardar a cinya.

"Yanzu fa, Malama?"

"Yanzu lokaci ya wuce, wannan ta tafi. Amma darussan da ka ci shekara uku suna nan a rubuce, ba kocin da zai goge su. Kai da ka tare ƙatti, shekara ɗaya ta karatu ce za ta gagare ka?"

Shekara biyu ta ɗauke shi, ba ɗaya ba. Da safe tafki, da rana ya tuƙa tsohuwar motar Gwaggo tafiyar awa guda zuwa wata ƙaramar kwaleji. Sau ɗaya ya faɗi lissafi ya maimaita. Ranar da ya karɓi digiri Gwaggo ta sa wata hula shuɗiya mai faɗin faifai, na bayanta suna ta leƙe. Ba a jima ba makarantarmu ta ɗauke shi mai ba ɗalibai shawara.

Wata maƙwabciya ce ta fara roƙonsa ya zauna musu ranar da koci zai zo, daga nan abin ya bi gari. Yakan sami kujera a gefe, ya bari a gama ci da alkawura, sannan ya sa tabarau.

"Wannan fa, lauya ne?" wani koci ya taɓa tambaya.

"A'a, maƙwabci ne," in ji uwar gida. "Lauya ai da sauƙi."

Tambayoyinsa ba su da yawa. Shekara nawa, kuma a wane shafi aka rubuta? In yaro ya ji rauni fa? In kai aka sallama, Koci, me zai same shi? Wasu sukan ɓata rai su tafi. Wasu kuma sukan amsa tsakani da Allah, har akwai wani dattijo da ke rubuta shekara huɗu ba gardama, wanda Wardell da kansa yake tura masa yara.

Bara, wata Talata da hantsi, Charlene Ruffin ta shigo ofishinsa a guje da waya a hannu. Ɗanta Tavion ne a kan layi, ɗan ƙwallo, shekararsa ta biyu a jami'a, yana tsaye a ƙofar ofishin kocinsa, an ce ya shiga.

Wardell ya karɓi wayar. "Tavion, saurare ni. Shiga ka gaishe shi. Duk abin da ya ba ka ka karɓa, ka ce sai ka yi shawara da gida. Kada ka taɓa biro, ko da ya ce sa hannun tunawa yake so."

Tavion bai sa hannu ba, aka janye tallafinsa, ya ɗaukaka ƙara. Ni na tuƙa su ranar zaman kwamiti, awa biyar, don gwiwar Wardell ba ta jure dogon tuƙi. Wardell bai yi magana a gaban kwamitin ba, ba a ma bari ya shiga ba. A mota ya sa Tavion ya yi ta maimaita bayaninsa har ya zauna masa. Bayan mako uku wasiƙa ta zo: ba zai ƙara buga wasa ba, amma tallafinsa na nan har ya gama. Tavion ya yi wata guda yana fushi da kowa, har da Wardell. Yanzu aikin jinya yake karantawa, kuma in ya zo hutu gidan Wardell yake fara zuwa.

Shekara da shekaru kocin makarantarmu yana roƙon Wardell ya taimaka masa da horar da 'yan layin gaba, yana ƙi. Tun da ya dawo gida ko gefen fili bai taɓa takawa ba. Bana sai ga shi ya yarda, kwana biyu a mako. Ran Alhamis na bi ta wajen da Gwaggo a mota, muka hango shi ya durƙusa a gaban wani ƙaton yaro yana nuna masa yadda ake kafa ƙafa, yana ihu yana dariya.

Gwaggo ta sauke gilashi. "Kai, Wardell! Da wace gwiwar kake wannan durƙuson?"

"Da mai kyan, Mama!"

"To in ta kumbura kada ka zo min gida neman ƙanƙara."

Ta ɗaga gilashin, amma ta ce in ɗan dakata tukuna, kada in ja motar.