Shekara takwas bayan Alhusseini, nonon taguwa ya bar zango

Bana shekara takwas ke nan da muka kai Alhusseini makwancinsa a wani tudu arewa da Tenhya. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a ƙarshen damina, kafin a samu motar da za ta kawo shi likitar Tanout rai ya yi halinsa. Makiyayin raƙuma ne. Tamajaq ake yi a gidansu, Hausa kuwa a kasuwa ya tsince ta, har ya koma ga Allah bai daina ce wa mace "kai" ba. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da ya ajiye alli, ina da gonar gado kusa da Gangara, a can muka san juna tun gemuna yana baƙi.

Kowace kaka, da an kwashe gero, sai ya gangaro da dabbobinsa su ci kara su bar mini taki. In zai koma in ɗora masa dammuna a kan amale. Muddin yana gonar, kullum safe ƙwaryar nonon taguwa na isowa ƙofar bukkata da kumfarta. A shekarar farko, ban san hali ba, na sa hannu aljihu. Ya sauke rawaninsa daga baki, abin da ba ya yi sai ransa ya ɓaci, ya ce, "Mushe," kamar yadda ake kiran malaman lakwal a wajenmu, "in kana so mu ɓata, ka sake yin haka. Raƙumi nake sayarwa. Nono na yara ne da baƙi." Ban sake ba.

A lokacin ma wa zai saya? Mutanen gari ƙyamarsa suke. Wai gishiri-gishiri gare shi, wai yana tsinka ciki. Maiɗakina Barira ko ƙwaryar ba ta yarda a ajiye mata kusa da kwanukanta.

Yau da Alhusseini zai ratsa kasuwar Tanout, ban san ko dariya zai yi ko kama baki ba. Abubuwan da muke ci don babu, su ne aka ɗaure a leda aka manna musu takarda. Garin zogale wai yana ƙara jini. Goriba wai tana sauke hawan jini. Aduwa, magarya, garin kuka, kowanne da cutar da aka ce yana korewa, kuma kowanne da muryar wani ko wata da ke yawo a wayoyi tana rantsuwa ta gwada ta ga aiki. Ban ce duk ƙarya ba ce. Abinci ne mai kyau, kakanninmu da shi suka rayu. Ciwon suga da hawan jini kuwa sun shiga gidaje da yawa, mutane sun tsorata, mai tsoro kuma duk abin da aka miƙo masa kamawa yake. Amma a cikin kayan nan duka babu wanda ya yi tashe kamar nonon taguwa. Tun da hantsi za ka ga masu moto, wato babur, sun fito daga daji da bidon-bidon, jarkokin nono, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, a tasha a zuba a robobi, a sa ƙanƙara, motar Damagaram ta kwashe. Har daga can ake bugo waya a kama layi.

Gidana ma bai tsira ba. Shekarun baya aka auna Barira a Damagaram aka ce suga ne. Aka ɗora ta kan ƙwayoyi, aka hana ta abubuwan da ta fi so. Wata ƙawarta ta turo mata murya a kan nonon taguwa, sai ga matar da ba ta son ganin ƙwaryar ta zama ba ta karya kumallo sai da shi. Har ta fara cewa za ta ajiye ƙwayoyin. Likitan ya ce mata ta sha nononta in tana so, amma ranar da ta bar magani kada ta ce shi ya sa ta. Ta riƙe biyun. Ni kuwa na ji daɗi da na gano cewa robar da ake kawo mana daga zangon Musa take fitowa, babban ɗan Alhusseini, wanda ya gaji dabbobin. Na ce a raina, to, zumunci bai yanke ba.

Musa ya daina saukowa gonata tun bayan rasuwar. Hanyoyin da dabbobi ke bi sun cushe da gonaki, ni ma ƙarfina ya ragu. Sai mu haɗu a kasuwa mu gaisa, in tambayi iyali ya ce lafiya lau. Da sanyin da ya wuce na ce bari in je in ziyarci kabarin abokina, in ga jikokinsa. Na hau bayan mai moton da ke ɗauko nonon.

Mun isa ana gama tatsa. Na zauna a kan tabarma ina kallo aka juye komai cikin bidon, har ƙwaryar ƙarshe aka karkata ta aka girgiza. Ƴaƴan raƙuman da aka sake bayan tatsar suka ruga wurin iwayensu suna tunkuɗar hantsa, ba abin da ke fitowa. Ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga inda nake. Aka kawo mini shayi, aka kawo taliya da mai da barkono. Yara suka zagaye wani kwano na taliyar, aka dama musu garin lemon leda, mai ja, a kofi. A zangon Alhusseini, inda a da ko ɓataccen matafiyi sai ya sha nono ya bar saura.

Can gefen tanti na hango ƙaramarsu, Tima, wadda aka yaye da damina. Tana zaune shiru a jikin uwarta, gashinta ya yi ja ya yi laushi, wuyan hannunta bai fi babban yatsana ba. Na yi shekaru ina kallon yara a aji, na san yaron da ke jin barci, na san wanda jikinsa ke cin kansa. Na tambayi uwar, Aishatu, tun yaushe. Ta ce zawo ne ya kama ta bayan yaye, ya tafi ya dawo, abinci kuma ba ta so. Na ce nono fa? Ta dubi mijinta Musa.

Na ja Musa bayan tanti. Ban yi masa faɗa ba, ba ni da bakin yi, robar gidana tana cikin bidon ɗin. Shi ya fara magana.

"Baba, na san abin da za ka ce. Zamanin tsoho ciyawa kyauta ce. Yanzu rabin shekara dusa nake saya musu, rijiya ma sai an biya. Masu moto sun ce in na rage, akwai wani zango wajen Belbeji da zai cika musu, ba za su ƙara biyowa ta nan ba. In suka daina zuwa, raƙuman zan fara sayarwa ɗaya bayan ɗaya. Yaran ai suna cin abinci."

Na ce, "Suna cika ciki dai. Ka ɗauko yarinyar nan mu tafi Tanout yau."

Ya so ya ce sai ranar kasuwa. Aishatu ba ta jira shi ba, ta riga ta goya ta.

A likita wata ma'aikaciya ta naɗa wa Tima wani ɗan zare mai launi a damtse, ta dubi inda ya tsaya, ta danna mata ƙafa da yatsa. Ta ce an zo a kan lokaci, amma da an ƙara jinkiri sai an kwantar da ita. Ta ba da tunkuzar gyaɗa ta leda da ake bai wa yaran da suka rame, ta tsara ranakun dawowa awo. Tana rubutu ta tambayi Aishatu daga ina suke, ko suna samun madara a wajensu. Musa na tsaye a bakin ƙofa. Ya ja rawaninsa har ƙarƙashin ido, ya fita waje.

Aishatu da yarinyar suka zauna a gidana har ta fara murmurewa. Washegarin zuwansu mai moto ya kawo robar Barira kamar kullum. Ta karɓa, ta tsaya riƙe da ita, ta dubi yarinyar. Ta tafasa nonon, ta bari ya huce, ta zauna da cokali tana ba ta. Daga ranar robar ta zama ta Tima. Da na ce mata sugar fa, sai ta ce, "Malam, ina da ƙwayoyina. Ita me take da shi?"

Sau da yawa ina tambayar kaina me Alhusseini zai yi da yana raye. Da sauƙi in ce ba zai taɓa sayarwa ba, amma ban tabbata ba. Mutum ne mai son dabbobinsa fiye da cikinsa, na ga shekarar da ya sayar da takobinsa don ya saya musu harawa. Mai taurin kai ne kuma, shi da kansa ya ƙi zuwa likita sai da ya kasa tashi. Wataƙila shi ma da ya cika bidon. Abin da nake da yaƙini a kai shi ne sai yaro na ƙarshe ya ture ƙwarya kafin ya bari a juye saura.

Abin da ke hana ni sukuni, zangon Musa ɗaya ne cikin masu yawa, kuma ni wannan kaɗai na shiga. Mai ciwo a birni yana da hakkin neman sauƙi, ban ga laifinsa ba, matata na cikinsu. Amma duk wanda ya buɗe roba mai sanyi da safe, ina roƙonsa ya tambayi mai kawo masa ko an bar wa yaran wurin nasu. In masu saye suka riƙa tambaya, masu moto za su kai maganar daji.

Da Musa ya zo ɗaukar iyalinsa, ya ce mini ya ɗaura wa wata taguwa jan ƙyalle a wuya, ita ba a tatsar ta don bidon, ta yara ce. Bai iya haɗa ido da ni ba yana faɗa. Ina ganin wannan kunyar ita ce babban abin da uban ya bar masa, ta fi raƙuman. Sai dai taguwa ɗaya ce, bazara na tafe, dusa na ƙara tsada, kuma na ji an ce wani dillali daga Damagaram yana neman a ninka masa abin da ake kai masa.

Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci ina bugo wa Musa waya, in ce ya ba ni Tima in ji muryarta. In layin ya ƙi shiga, yinin ranar ba na iya cin abinci da daɗi. Juma'ar da ta wuce ya shiga. Ya kira ta, ya sake kira, ta ƙi zuwa. Ya ce in yi haƙuri, wai tana can ta bi ɗan akuya da gudu.

Allah ya jiƙan Alhusseini, ya sa ya huta. Ya kuma kai mu damina da jan ƙyallen nan a wuyan taguwar.