Agushin Yaya Isuhu, daga Sokode zuwa Dapaong

Sokode, Talata

Ana kiran assalatu na fita daga gida da ƙulli a ka. Yayana Isuhu, tsohon direban tirela da ya yi aure ya zauna a Dapaong, kwanansa biyar ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwa. Matarsa Mariyama, 'yar ƙabilar Moba, ita ta bugo waya. Wai likita ya ce in bai ci ba magani ba zai kama shi ba, shi kuma ya kafe sai miyar agushi irin ta Innarmu a Zariya. Yini guda na yi ina ɓare agushi har farcena ya yi tsami. Ban niƙa ba, don niƙaƙƙe in ya sha zafin mota ɗaci yake yi.

Sammakon banza na yi. Motar ba ta cika ba sai bakwai da rabi.

A hanya

A hawan Bafilo muka bi bayan wata tirela mai tafiyar hawainiya, ba mu shiga garin Kara ba sai goma saura. Mu huɗu a kujerar mutum uku, gwiwata ta sage tun kafin Kante. Daga Mango kuma shinge bayan shinge, kowa ya sauka ya nuna katinsa. A na uku wani soja ya kwance ƙullina.

"Madam, wannan fa?"

"Magani ne," in ji ni. Ya dube ni, ya dubi agushi, ya ɗaure mini da kansa.

Dapaong

Ƙarfe huɗu na isa, bayan kilomita kusan ɗari uku. Da na ga Yaya gabana ya faɗi, mutum ya koma kamar kara. Ko ruwa ban gama sha ba na shiga madafa. Na niƙa agushi, na kwaɓa shi da albasa, na riƙa saka shi dunƙule-dunƙule cikin manja da romon nama. Miyar Inna ke nan: ba a juya ta, barinta ake yi ta yi curi-curi. Na ce wa Mariyama ta duba mini wuta, na tafi rama salla.

Ina dawowa na same ta da ludayi tana ta juyi, gumi har haɓa. A wajensu, macen da ta bar tukunya ba juyi so take ta ƙone. Curin duk ya narke, miya ta zama fate.

"Matar Yaya, kin kashe ni! Wa ya aike ki?"

"Gwaggon yara, kamawa za ta yi," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

Wallahi kuka ne kawai ban yi ba. Agushi ya ƙare, ƙarfina ma ya ƙare. Na zuba ganye, na kai masa haka nan da tuwon masara, ina jin kunya.

Ya kai loma ɗaya, ya daɗe yana taunawa. Ya kai ta biyu.

"Wannan hannun Mariyama ne," ya ce.

"Yaya, kuskure aka yi."

"Shekara goma sha biyar miyarta nake ci, Ladi. Ta Inna ko ɗanɗanonta na manta. Amma in ba haka na ce ba, za ki zo? Rabona da ke shekara shida. Zauna inda zan gan ki."

Na zauna. Loma tara ya yi, ina ƙirgawa.

Komawa, Asabar

Kwana huɗu na yi, kullum Yaya yana ɗan ƙara ci. Shida na safe muka tashi, na shiga Sokode ana kiran la'asar, jikina kamar an yi mini duka. Na gode Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Kafin in kwance ɗankwali na buga wa Mariyama waya na gode mata, abin da ban taɓa yi ba tun da aka ɗaura aurenta. Ta ce Yaya yana tambaya yaushe zan dawo.